Mi ke shimfiɗe a ƙasan teku, yashi ne ko laka?

Tambaya daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato: Malam barka da aiki, mun yi gardama da abokaina, ni na ce ƙasan teku yashi ne kamar na gulbin Rima in ruwa ya janye, su sunka ce dutse ne zalla. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, kowa ya ɗan taɓo gaskiya. Can ƙasa dutse ne, amma kusan ko'ina laka ta rufe shi, kuma irin lakar ya danganta da nisa daga gaɓa da kuma zurfin wurin.

Kusa da gaɓa abin da ƙasa ta aika ne, yashi da taɓo da tsakuwa da koguna ke kwasowa. Jan ruwan nan da kake gani a Rima da damina yana gangarawa Kwara, wani kason lakar sai Neja Delta, inda ta taru har kaurinta ya kai wajen kilomita 12, kuma cikinta ne man fetur ɗinmu yake. Na Tekun Bengal, gefen Indiya da Bangladesh, ma ya fi, kogunan Ganjis da Baramaputara sun tara abin da ya kai kilomita 16. Iska ma tana nata dakon, ƙurar hunturun da ke hana mu ganin gabanmu, mai tasowa daga Bodele a Chadi, da yawanta Atlantika take faɗawa.

In an yi nisa tsakiyar teku kuma labari ya canza, nan gawa ce ke sauka, wato ɓawon wasu halittu ƙanana ƙwarai da ke yawo a saman ruwa, in sun mutu ɓawon ya nutse a hankali. Wasu ɓawonsu irin na alli ne, su ke yin farar laka da ta rufe kusan rabin ƙasan teku mai zurfi, musamman Atlantika. Amma akwai wani abin mamaki, in zurfi ya wuce wajen mita 4,500 ruwan ya yi sanyi, iskar kabon ta yi yawa cikinsa, sai ya narkar da allin kamar yadda sukari ke ɓacewa a shayi, shi ya sa za ka iske farar laka bisa tuddan teku amma babu ita a kwari. Wasu halittun ɓawonsu na silika ne, dangin gilashi, lakarsu ta fi yawa kewayen Antaktika da tsakiyar Fasifik.

Inda ba alli ba silika sai jan yumɓu, akasari ƙura ce da tokar aman wuta, shi ya mamaye zurfin Fasifik. Taruwarsa sai haƙuri, wajen milimita 1 a shekara 1,000. Bisa irin wannan wuri ake samun dunƙulen ƙarfen manganis masu kamar dankalin turawa, da ƙarafan nikel da kobalt a ciki, su kamfanoni ke wa zawarci yanzu tsakanin Hawayi da Meziko, alhali tun tafiyar jirgin ruwan bincike Challenger ta 1872 zuwa 1876 anka tsamo su. Akwai ma ƙurar da ke faɗowa daga sararin samaniya, amma ba ta taka kara ta karya ba.

In kana son ganin ƙasan teku da idonka ba sai ka je Legas ba. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi lakar teku ce, ta wani teku marar zurfi da ya kwanta a yankin nan wajen shekara miliyan 60 baya, in ka duba da kyau za ka ga ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Akwai ma wani ƙaton ƙadangaren teku da anka tono ƙashinsa a ƙasar nan, masana sunka sa mai suna Goronyosaurus saboda Goronyo.