Filin Saƙa: Amsoshin Tambayoyinku daga Jidda, Madina da Makka

Assalamu alaikum masu saƙa da masu son su koya. Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Saudiyya suka zo, dan haka na haɗa su wuri ɗaya, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ina Jidda ne wajen Sabil, a YouTube na koyi kwarashi, ƙanwata ta haihu na zage na saƙa ma jaririn bargo da hula da safa da zaren ulu mai laushin nan, ranar suna kowa sai yabawa yake amma har yau ban ga an sa masa ba, da na matsa sai take ce min wai ƙuraje ke feso masa in an lulluɓe shi da bargon. Gaskiya raina ya sosu. Wai a garin zafi irin namu saƙa bata da amfani ne?

Amsa: Ƙanwata kar ranki ya ɓaci da ita, gaskiya ta faɗa miki, kuma matsalar daga zaren take, aikin hannunki lafiya lau. Abin da muke ce ma ulu a shaguna yawancinsa akirilik ne, wato dangin roba, kwata kwata baya shan zufa, toh ki haɗa wannan da Jidda da ke bakin teku inda iskar kanta a jiƙe take, zufa ta kwanta a jikin jariri ta rasa inda zata bi, dole ƙurajen zafi su fito. In an daina lulluɓa shi da bargon kuma basu kwanta ba a kai shi wajen likita.

Daga yau in kin shiga shago ki juya takardar da ke naɗe a jikin zaren ki karanta kafin launi ya ɗauke miki hankali, a nan ake rubuta abin da aka yi shi da shi, da nauyinsa, gram 50 ko 100, da tsawonsa a mita, har da lambar kwarashin da ya dace da shi. Wa garinku auduga zaki nema, ko zalla ko wadda aka gauraya. Zarurrukan Turkiyya sun cika kasuwa a nan, misali Alize Cotton Gold kashi 55 auduga ne 45 akirilik, gram 100 yana da mita 330, YarnArt Jeans ma haɗinsu ɗaya amma shi ƙaramin ƙulli ne gram 50 mita 160. Nidai na fi son irin wannan gaurayen wa kayan yara, saboda auduga zalla tana da nauyi kuma in ta jiƙe tana daɗewa bata bushe ba, gaurayen kuwa yafi sauƙin wanki kuma baya saki. Kwarashi milimita 3 zuwa 3.5 zai yi miki da su.

Kuma batun wai bargo bashi da amfani a Jidda, ai duk gidan da kika shiga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana, asibiti ma haka, masallaci haka, mota haka, uwa tana buƙatar abu marar nauyi da zata yafa ma yaro in ta rungume shi. Kiyi saƙa mai huji huji da iska ke ratsawa amma kar hujin yayi girman da ɗan yatsansa zai maƙale, faɗin santimita 75 tsawo 90 ya wadatar. Abu ɗaya da nake roƙonki ki isar ma mai jegon, jaririn da bai shekara ba kar a barshi yayi barci shi kaɗai da bargo a sake cikin gadonsa, likitocin yara suna hanawa saboda zai iya rufe masa fuska. Haka maɓalli da duwatsun ado, ki barsu, komai yaro ya samu baki yake kaiwa.

Bayan kayan jarirai ma ga jakar hannu, ga 'yar jakar saka sallaya da hijabi in za'a Harami, ga rigar Alƙur'ani, ga kwandon ajiye tarkace da ake yi da zaren tishat, wato na yadin riga mai talewa, mai kaurin nan da kwarashi milimita 8 ko 10, a yini ɗaya kin gama. Faifan ɗora tukunya kuma lallai da auduga, akirilik narkewa yake in zafi ya taɓa shi. Wancan bargon na farko a adana shi, ranar da suka hau Ɗa'if lokacin sanyi zasu nemo shi da kansu, garin yana kan dutse sama da mita 1,800.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗalibi ne ni a Madina, hutu ya kusa zan koma Katsina. Mahaifiyata mai saƙa ce tun muna yara, da kibiya take yi, yanzu jikoki take ma riguna da huluna na hunturu. Ina so in kai mata tsaraba ta ɓangaren sana'arta amma ban san komai a kai ba, kuma kuɗina basu da yawa.

Amsa: Allah yayi maka albarka ɗana, wannan tambaya ta min daɗi ƙwarai, dabino da zamzam da carbi kowa zai kai mata, amma kai ka lura da abin da hannunta ke yi. Kafin ka je kasuwa ka sa wata a gida ta ɗauko maka hoton kibiyoyinta da ƙullin zaren da take aiki da shi ba tare da ta sani ba, a jikin kibiya ko kanta akwai lamba, yawanci ita ce kaurinta a milimita. Da wannan hoton zaka shiga shagon kayan ɗinki kace kana son sinnarar tiriko da suf, wato kibiyar saƙa da zaren ulu da Larabci, mai shagon zai gane.

Abin da zan fara sa maka a gaba shi ne kibiya mai igiya, wato gajerun kibiyoyi biyu da aka haɗa da siririyar igiyar roba. Mai tsawon santimita 40 ta hula ce, ana zagayawa a gama ba sai an ɗinke baya ba, mai 80 kuma ta riga da bargo. Dalilin da yasa na dage a kanta, nauyin saƙar yana sauka ne kan cinya maimakon ya rataya a wuyan hannu, kuma mace in shekaru sun fara ja wannan ba ƙaramin sauƙi bane, da yawa cikin iyayenmu ciwon hannu ne ke raba su da saƙa tun suna sonta. Ka ɗauki lamba 3.5 da 4 da 5 in hoton bai nuna maka wani abu daban ba. Akwai ta ƙarfe akwai ta gora, ta ƙarfe tana da santsi da sauri kuma tunda gwana ce ina ganin ita zata fi so, ta gora mai koyo tafi taimaka ma saboda zare baya zamewa.

Sai ƙananan abubuwa masu araha da mai saƙa ke jin daɗinsu: 'yan zobban roba masu launi da ake maƙalawa dan gane inda aka fara layi, allura mai faɗin hanci marar tsini ta ɓoye bakin zare, tef na awo, ƙaramin almakashi, da 'yar fitilar caji da ake ratayawa a wuya, wannan kam in aka ɗauke wuta da dare zata riƙa sa maka albarka. Ka zuba su duka a jaka mai zif.

Zare kuma ga inda maza ke kuskure, sai mutum ya kwaso launi goma kowanne ƙulli ɗaya, yayi kyau a ido amma ba abin da zai fita a ciki sai safa. Gara launi biyu kowanne ƙulli uku ko huɗu na gram 100, rigar ƙaramin yaro bata cika wuce biyu zuwa uku ba. Ka duba lambar rini a takardar, duk ƙullin launi ɗaya su zama lambarsu ɗaya, in ba haka ba sai ana tsakiyar riga a ga launin ya ɗan sauya kuma ba dama ta dawo Madina neman cikon. Ka guji baƙi da shuɗi mai duhu, suna wahalar da ido. Kaga akirilik ɗin da na hana 'yar uwarmu ta Jidda, kai shi zaka saya, ko wanda aka gauraya da ulun tumaki, domin hunturun Katsina sanyi ne busasshe kuma kayan jikoki kullum cikin wanki suke. Kibiyoyi da almakashi a babbar jaka zaka sa su wadda ake aunawa, kar ka riƙe a hannu a karɓe maka a filin jirgi.

Tambaya: Anti ni a Makka nake, Misfala. Sau biyu ina saƙa ma Baba farar hula irin tashi ka fiye naci, ta farko ta sauko masa har kunne, ta biyu kuma ta tsaya a tsakar ka. Yaya ake gane awo?

Amsa: 'Yata lissafi ne ɗan kaɗan, in kin riƙe shi kin huta har abada. Ki zagaya kan Baba da tef ta saman gira da saman kunne, kan babban mutum yawanci tsakanin santimita 55 ne zuwa 58. Mu ce kin samu 57, ki cire 2 saboda saƙa tana buɗewa, saura 55, ki raba da 3.14, zai baki wajen 17 da rabi. Toh wannan shi ne faɗin faifan saman hular, kina zagayawa kina ƙari har sai kin shimfiɗa shi kin auna daga baki zuwa baki ya kai haka, daga nan ki daina ƙari kwata kwata ki cigaba da zagaye, da kanta zata lanƙwaso ta zama bango, santimita 7 ko 8 ya isa irin wannan hular. In da amud kike yi, wato doguwar saƙar da ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, ƙari 12 ne a kowane zagaye, in hashu ne, wato gajeriyar da ake sokawa ba naɗi, 6. Kika ga faifan yana tattarewa kamar kwano tun bai kai ba ƙarin yayi kaɗan, kika ga bakinsa yana lanƙwashe lanƙwashe yayi yawa. Siririn zaren auduga zaki sa da kwarashi milimita 2 ko ƙasa da haka, kuma layi biyun ƙarshe ki matse hannu sosai dan kar bakin ya saki bayan wanki. Ki gwada masa tun tana rabi, ba sai kin yanke zare ba.

Tambaya: Kakata zata zo Umra a watan Janairu, tana jin sanyi sosai, ina so in saƙa mata safar hannu. Daga wata mai karatu a Madina.

Amsa: Ki saƙa mata, asubar Madina a Janairu akwai sanyi mai shiga ƙashi musamman a farfajiyar masallaci. Sai dai ki tuna mata mace bata sa safar hannu in ta ɗaura haramin Umra, sai ta sauke shi. Safar ƙafa kuwa ba laifi, dan haka ki haɗa mata da ita da ɗan mayafin kafaɗa mai kauri da zata yafa kan hijabi, su zasu fi yi mata aiki a tafiyar. In kin yi da ulun tumaki na gaske ki gaya mata da ruwan sanyi ake wankewa a hannu, banda murzawa, a shimfiɗa a inuwa ya bushe, ruwan zafi yana sa ya cure ya ƙanƙance.