Me ya sa Mac ɗina yake ta neman kalmar sirrin keychain?

Tambaya: Assalamu alaikum. MacBook nake amfani da shi. Kusan duk lokacin da na buɗe Chrome sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa Chrome na son amfani da bayanan sirri da ke cikin "Chrome Safe Storage", in sa kalmar sirri. In sa, in danna Allow, ya tafi, gobe ya dawo. Wata manhajar gyaran hoto da mai shago ya zuba mini ita ma haka take yi, ita kam ko Always Allow na danna ba ta dainawa. Ga kuma wani akwatin daban da ke fitowa idan na ɗaga murfin kwamfutar, yana cewa wani abu wai shi accountsd na son amfani da "login" keychain. Abokina ya ce in goge foldar Keychains gaba ɗaya in huta. In goge?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka goge, Malam. A cikin foldar nan kalmomin sirrin imel ɗinka suke, da na manhajojinka, da makullin da Chrome yake buɗe kalmomin sirrin da ka adana a cikinsa. Akwatunan nan uku da kake gani kamanninsu ɗaya, amma kowanne da abin da ke kawo shi, kuma rubutun da ke jikin akwatin shi yake faɗa maka wanne ne. Saboda haka kafin ka sa kalmar sirri, tsaya ka karanta abu biyu: wace manhaja ce ke tambaya, kuma me take nema, abu guda ne a cikin keychain ko kuwa keychain ɗin dungurungum.

Keychain ma'ajiya ce da macOS yake kulle sirrika a ciki. Wanda ya fi shafarka shi ne "login", wato fayil ɗin login.keychain-db da ke cikin ~/Library/Keychains. Yana da kalmar sirrinsa, wadda a ka'ida daidai take da ta shiga kwamfutarka, shi ya sa yake buɗewa da kansa da zarar ka shiga. Kowane abu da ke cikinsa kuma yana da jerin manhajojin da aka yarda su karanta shi ba tare da tambaya ba. Manhajar da ba ta cikin jerin, dole a tambaye ka.

Na Chrome shi ne mai sauƙi. Allow izini ne na sau ɗaya tak, ba ya rubuta komai a jerin. Kuma idan ka rubuta kalmar sirri ka buga Return, Allow ɗin ne yake dannuwa, abin da ya sa mutane da dama suke rantsewa sun ba da izini alhali na lokaci guda suka bayar. Idan akwatin ya sake fitowa, rubuta kalmar sirrin, ka cire hannu daga Return, ka kai kibiya kan Always Allow ka danna. Sannan ka rufe Chrome gaba ɗaya da Command-Q, ka sake buɗewa ka gani. Idan wani akwatin ya fito nan take, duba sunan abin da ake nema kafin ka ce bai yi ba. Manhajar da ke da abubuwa uku a keychain sau uku za ta tambaya, kowanne da nasa izinin.

Kada fushi ya sa ka goge "Chrome Safe Storage". Ba kalmar sirrin wani shafi ba ce, makulli ne da Chrome ya ƙirƙira don kulle kalmomin sirri da bayanan shigarka shafuka. Ranar da ka goge shi, Chrome zai ƙirƙiri sabo, sabon kuma ba ya buɗe abin da tsohon ya kulle. Wanda kalmominsa ke cikin asusun Google zai dawo da su, wanda kuwa a kwamfutar kaɗai suke ya yi asararsu. Edge da manhajoji da yawa irin su Slack suna da nasu abin mai ƙarewa da "Safe Storage", kuma hukuncinsu ɗaya.

Sai na accountsd. Wannan ba baƙo ba ne, wani sashe ne na macOS da ke kula da asusun intanet da ka haɗa da kwamfutar. Idan akwati ya ce wani abu na son amfani da "login" keychain, ba tare da ambaton abu guda ba, ma'anarsa keychain ɗin a kulle yake. Tunda kuma bayan barcin kwamfutar yake fitowa, kusan tabbas an saita shi ya riƙa kulle kansa. Buɗe Keychain Access, manhajar macOS da ake duba keychain da ita. A tsofaffin macOS yana cikin Utilities, amma tun daga Sequoia ta 2024, da Apple ya kawo manhajar Passwords, an mayar da shi /System/Library/CoreServices/Applications, don haka ka neme shi da Spotlight, idan ya tambaye ka ko Passwords kake so ka zaɓi Keychain Access. Zaɓi login a gefen hagu, ka je Edit, sai Change Settings for Keychain "login". Za ka ga zaɓi biyu, ɗaya na kullewa bayan wasu mintuna ba a taɓa kwamfutar ba, ɗaya na kullewa idan ta yi barci. Cire alamar duka biyun ka danna Save.

Mai jin Terminal, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, zai iya dubawa da wannan:

security show-keychain-info ~/Library/Keychains/login.keychain-db

Idan ya ce no-timeout, lafiya lau. Idan ka ga lock-on-sleep, ko timeout=300s, wato minti 5, to ga mai laifin nan. Cire wannan saiti ba ya barin kwamfutarka a buɗe matuƙar allon yana neman kalmar sirri bayan barci. Wancan makullin allo shi ne ya kamata ka tabbatar yana aiki.

A tambayarka akwai alama mai kyau: akwatunan suna karɓar kalmar sirrinka. Wanda nasa ba ya karɓa, matsalarsa daban ce. Kalmar sirrin shiga da ta keychain sun raba hanya. Hakan yana faruwa ne idan ba daga cikin asusun mutum aka canja kalmar ba, misali mai gyara ya sake ta daga Recovery, wato sashen gyara na macOS, ko wani mai iko da kwamfutar ya sake ta daga nasa asusun, ko ofis ya canja ta daga nasa tsarin. Ƙofar shiga ta samu sabuwar kalma, keychain yana nan da tsohuwa. Maganin shi ne a gwada tsohuwar kalmar a akwatin. Idan ta buɗe, a je Edit, Change Password for Keychain "login", a sa tsohuwa, sannan a sa wadda ake shiga da ita yanzu harafi da harafi. Idan wannan zaɓi ya dusashe ba ya dannuwa, umarnin security set-keychain-password tare da adireshin fayil ɗin yana yin aikin. Wani lokaci ma macOS da kansa yake tambaya a wajen shiga, ya ba da Update Keychain Password ko Create New Keychain. Mai tuna tsohuwar kalma na farkon zai zaɓa.

Yanzu ga manhajar hoton, wadda ita ce ta fi ba mu damuwa. Keychain ba da suna yake gane manhaja ba, da sa hannun dijital na wanda ya rubuta ta yake gane ta. Kamar mai gadi ne da ba ya jin "ai ni ne wane", sai ya ga katin shaida mai hatimin da ya sani. Manhajar da ke ɗauke da sa hannun Developer ID na kamfaninta, ko an sabunta ta sau goma, shaidarta ba ta canjawa, izinin Always Allow yana nan. Wadda kuwa ba ta da sa hannu, ko aka yi mata na wucin gadi da ake kira ad-hoc, shaidarta tana ɗaure ne da ainihin abin da ke cikin fayilolinta. Da an taɓa wani abu a ciki, ta zama baƙuwa, sai tambaya ta dawo. Wadda sa hannunta ya lalace kuwa, izinin ma ba lallai ya zauna ba. Manhajojin da aka fasa don a kauce wa biyan kuɗi nan suke faɗawa, domin fasawar ita ce take karya sa hannun kamfanin.

Za ka iya tabbatarwa. Buɗe Terminal, rubuta codesign -dv --verbose=2, ka bar sarari ɗaya, ka jawo manhajar daga Applications ka saka cikin tagar, ka buga Return. Layin da kake nema shi ne mai farawa da Authority=Developer ID Application, sunan kamfanin na biye, da TeamIdentifier mai haruffa da lambobi 10. Wadda aka sauke daga App Store za ta nuna Apple Mac OS Application Signing. Idan ka ga Signature=adhoc, ko TeamIdentifier=not set, ko ya ce sam ba a sa mata hannu ba, to babu saitin keychain da zai warkar da ita. Cire ta, ka sauke ta asali daga shafin kamfanin, ko ka nemi wata ta kyauta mai yin aikin.

Ba don akwatin ya ishe ka kaɗai muka ce ka cire ta ba. Tun 2023 ake ganin manhajojin sata a Mac, irin su Atomic Stealer, waɗanda ake cusawa cikin fasassun manhajoji. Aikinsu shi ne su fito da akwatin ƙarya mai kama da na macOS su nemi kalmar sirrinka, su kwashi fayil ɗin keychain su tafi da shi. Da kalmar da fayil ɗin a hannunsu, komai ya buɗe. Akwatin keychain na gaske yana ambaton sunan manhaja da sunan abin da ake nema, kuma yana ba ka Deny, ko Cancel idan keychain ɗin dungurungum ake nema. Wanda ya fito haka kawai yana cewa ka sa kalmar sirri don "sabunta tsari", kana rufewa yana dawowa, kada ka rubuta masa komai. Idan kuma manhajar hoto ce take neman "Chrome Safe Storage", danna Deny. Ba ta da hurumi a can. In har ka riga ka ba irin wannan akwati kalmarka, canja ta, ka canja na imel da na banki daga wata na'urar daban.

Idan sa hannun ya fito lafiya amma tambayar ba ta daina ba, duba ko manhajar kwafi biyu ce, ɗaya a Applications ɗaya a Downloads, ko kuma daga cikin fayil ɗin DMG da aka sauke ta a cikinsa kake buɗe ta kullum. Bar guda ɗaya a Applications, ka jefar da sauran. Bayan haka nemi abin a Keychain Access, danna shi sau biyu, ka shiga Access Control. Ka tabbata babu alama a kan Ask for Keychain password, domin wannan yana tilasta tambaya ko da manhajar tana cikin jerin. Idan akwai tsofaffin sunayen manhajar a jerin, cire su da alamar ragi, ka danna Save Changes, ka sake buɗe manhajar ka ba ta Always Allow daga akwatin. Mun fi son wannan a kan ƙara ta da hannu da alamar tarawa, saboda tun macOS Sierra ta 2016 akwai wata rajista ta biyu da ba ta bayyana a wannan shafi, kuma danna Always Allow da kalmar sirri ne yake gyara ta. A wannan shafi akwai Allow all applications to access this item. Yana kashe akwatin, gaskiya ne, amma yana buɗe sirrin ga kowace manhaja a kwamfutar. Ba mu ba da shawarar haka a kan kalmar sirri ko makulli.

Akwai wasu akwatuna biyu da ake rikitawa da waɗannan. Wanda ya ambaci "System" keychain yana neman suna da kalmar sirrin mai iko da kwamfutar, kuma galibi takardar shaidar VPN ce ko ta Wi-Fi na ofis take kawo shi. Wannan aikin masu kula da kwamfutocin ofis ne, su za su ba manhajar izini a kan makullin. Na biyu kuma shi ne manhajar imel da ke ta neman kalmar sirrin asusunka a cikin tagarta. Ita ba izini take nema ba, kalmar da ke ajiye a keychain ce ta tsufa. A nan goge wannan abu guda ɗaya daga Keychain Access da sake shiga asusun ya wadatar.

Tsofaffin bayanai a intanet za su ce ka yi Keychain First Aid. Kada ka wahala nema, Apple ya cire shi tun OS X 10.11.2 a ƙarshen 2015.

Sake keychain daga tushe yana da muhallinsa: an manta tsohuwar kalma sam, ko fayil ɗin ya lalace har Always Allow ba ya zama ga kowace manhaja, har da na Apple. Ko a nan ba gogewa ake yi ba. Fara fitar da kalmomin sirrin Chrome daga saitinsa, da na Passwords ta File, sai Export. Fayil ɗin CSV da zai fito a buɗe yake, kowa na iya karantawa, don haka ka goge shi da zarar ka gama mayar da su. Sannan a Finder danna Shift-Command-G, rubuta ~/Library/Keychains, ka kwafi foldar duka zuwa wani faifai. Daga nan ka je Settings na Keychain Access ka danna Reset Default Keychains. macOS zai buɗe sabon login babu komai a ciki, ya ajiye tsohon a gefe da suna irin login_renamed_1.keychain-db, wanda za ka iya buɗewa ranar da tsohuwar kalmar ta faɗo maka. Fita daga asusunka ka sake shiga. Kowace manhaja za ta nemi ka shiga sabo, don haka ka ajiye wayarka kusa saboda lambobin tabbatarwa.

Idan akwatin "Local Items" yake ambata, wannan wani keychain ne daban, a cikin wata folda yake mai dogon suna na haruffa da lambobi, a cikin Keychains ɗin. Jawo ta zuwa Desktop, ka kashe kwamfutar ka kunna, za ta ƙirƙiri sabuwa. Mai iCloud Keychain a kunne zai ga kalmominsa na Safari sun dawo bayan ya tabbatar da asusunsa na Apple. Wanda bai kunna ba, ya fitar da su tukuna kafin ya taɓa foldar.