Saudiyya da ƙwallo: wanke suna ne ko kasuwanci?

Malam, ka tambaya ko kuɗin da Saudiyya ke zubawa a ƙwallo wanke suna ne ko kasuwanci kawai. A ganina duka biyun ne, amma wanke sunan ya fi ƙarfi.

A watan Oktoban 2018 aka kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul, duniya ta yi ca a kan masarautar. Bayan shekara 3, asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya sayi kashi 80 cikin 100 na kulob ɗin Newcastle a Ingila. Ranar da aka sanar da cinikin, magoya baya suka cika harabar filin St James' Park suna murna, wasu har da rawanin Larabawa a ka. Wannan hoton ake biyan kuɗi a samu. Ronaldo ya koma kulob ɗin Al-Nassr na Saudiyya a ƙarshen 2022, sannan a Disamban 2024 FIFA ta ba Saudiyya Gasar Kofin Duniya ta 2034 ba tare da abokin takara ba.

Gaskiya ne suna neman rage dogaro da man fetur, ban musanta ba. Abin da ke damuna shi ne baƙin ma'aikatan da za su gina filayen nan cikin zafin rana, kamar yadda aka sha kukan halin da irinsu suka shiga a Qatar kafin gasar 2022.