Abin da ya riƙe littafin George Martin na shida, a ganina

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi abin da ya hana George R. R. Martin fitar da The Winds of Winter, littafi na shida a jerin labarinsa na A Song of Ice and Fire, da kuma ko gaskiya ne abin da abokanka na Marwa ke cewa, wai tsohon ya gama rubutu tun tuni, ɓoyewa kawai ya yi. Na ga wasu sun ce maka kuɗi ne suka lalata shi, wasu sun ce tsoro ne. Bari in sa baki, don ni ma ina cikin masu jiran, kuma na ɗan taɓa sana'ar. Ina da shagon buga takardu a nan Garwa, rubutun mutane da dama ya bi ta hannuna, na kuma jima ina rubuta wa wani gidan rediyo wasan kwaikwayon Hausa mai dogon zango.

Maganar kuɗi ta fi yawo saboda ta fi daɗin faɗa a majalisa. Amma duba shekarun da kanka. Littafi na farko ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000. Daga nan na huɗu bai zo ba sai 2005, na biyar kuma sai Yulin 2011. Shirin Game of Thrones da tashar talabijin ta HBO ta yi daga littattafan, wanda ya kawo masa dukiya da sunan da har masu tura fim a waya a kasuwarmu suka sani, a Afrilun 2011 ya fara. Ke nan tafiyar ta yi nauyi shekaru goma kafin kuɗin talabijin su shigo. Ban ce ba su da hannu ko kaɗan ba. Marubucin da mai gidan haya ke ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarshen wata zai rufe labari ko ta halin ƙaƙa, shi kuwa Martin babu mai ƙwanƙwasa masa. Sai dai kuɗi sun ba shi damar daɗewa ne kawai, ba su ne suka haifi matsalar ba.

Batun ɓoyewa kuwa ban ga ma abin tsayawa a kai ba. A farkon Janairun 2016 shi da kansa ya fito ya rubuta cewa ya so gama littafin kafin zango na shida na shirin ya fito, kamfanin ɗab'i ya ba shi wa'adi har sau biyu, ya kasa. Wa zai zauna da gamammen littafi a aljihun tebur yana kallon wasu suna ba duniya ƙarshen labarinsa? Lokacin da littafin zai fi yin kasuwa ma shi ne tsakanin 2016 da 2019, ya kuma wuce. A ƙarshen 2022 ya ce ya rubuta shafi 1,100 zuwa 1,200, saura 400 zuwa 500.

Masu cewa tsoro ne suna da ɗan abin kamawa. An san ya faɗa wa David Benioff da D. B. Weiss, masu shirya fim ɗin, manyan abubuwan da yake nufin yi a ƙarshe. Da zango na takwas ya fito a 2019 mutane suka yi ca, har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake shi. Duk mai rubutu zai ji wannan a jikinsa. Amma a 2019 littafin ya riga ya yi shekara takwas ana jiransa. Sannan labarin littafi da na fim sun daɗe da raba hanya. Stannis da Barristan Selmy da Mance Rayder duk sun mutu a fim, a littafi suna nan da ransu. Akwai kuma mutane irin su Arianne Martell da Victarion da yaron nan da ake ce wa Aegon, waɗanda fim ɗin bai ma san da su ba.

To me ya rage? Ni a wurina, abin da ya riƙe shi shi ne abin da ke riƙe duk wanda ya buɗe labari da faɗi. Buɗe labari kamar kwasar farko ce a adashi: ka karɓi kuɗi a dunƙule, kowa na yi maka murna, amma daga ranar duk abin da ya rage maka zubi ne. Kowane sabon mutum da ka shigo da shi, kowane asiri da ka nuna wa mai karatu gefensa, sai ka biya shi a gaba. Na sha gani a shagona. Marubuciya za ta kawo littafi na ɗaya da na biyu a jere, tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri, masu karatu sun dame ta a waya. Na uku, wanda za a warware komai a cikinsa, sai a yi ta "sati mai zuwa in sha Allahu" har damina ta zagayo. Ba lalaci ba ne, don wasunsu a cikin wannan jiran suke fara wani sabon littafin daban su kawo mini.

Abin da ya sa na fi yarda da wannan shi ne wani kashi da ya taɓa tsaya mini a wasan rediyo. Mutum uku ne suka nufi gida ɗaya: direban babbar mota da ya taso daga Ngaundare, uwargida da ke dawowa daga yaji a Yola, da wani mai bin maigidan bashi. Tambayar ɗaya ce, wa zai fara isowa? Idan uwargida ta riga, asirin ya tonu, direban ba shi da sauran abin faɗa. Idan mai bashi ya riga, maigidan zai gudu, uwargida ta tarar da gida ba kowa, rigimar da masu sauraro suka yi watanni suna jira ta tashi a banza. Na juya tsohuwar kalanda na manna a bango, na rubuta sunayensu, ina jan kibiya da jan biro daga wannan zuwa wancan har takardar ta huje. Kuma abin haushin, ba ka gane tsari bai yi ba sai ka zauna ka rubuta shi har ƙarshe, ka karanta da ƙarfi, ka ji bai zauna a kunne ba, ka yaga. Ni na fita ne saboda ranar Alhamis ƴan wasa za su zo ɗauka, ko na shirya ko ban shirya ba.

Martin ya faɗa irin wannan ramin a littafi na biyar, ya kuma yi bayaninsa da bakinsa. Mutane da yawa ne suka nufi birnin Meereen wurin Daenerys, sarauniyar nan mai dodanni, ya yi ta sauya wanda zai fara isa da lokacin da zai isa, yana rubutawa yana rushewa, bai samu mafita ba sai da ya mayar da Barristan cikin waɗanda ake ganin labari ta idonsu. Mutanena ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Shi a littafi na farko ta idon mutum 8 ake bin labarin, a na biyar sun haura 15, kowa da ƙasarsa da mutanensa da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ga shi kuma ya sha faɗa cewa shi ba mai zana taswirar gini ba ne kafin ya fara, mai lambu ne, yana shuka ya ga abin da zai tsiro. A wata tsohuwar kwamfuta ma yake rubutu, da manhajar WordStar, ba ta haɗe da intanet. Wannan ɗabi'ar ce ta sa littattafan farko suka yi rai, ita ce kuma ke wahalar da shi yanzu.

Akwai wani abu da masu hasashe ba su cika ambata ba, alhali a ganina nan ne ƙafar ta fara gocewa. Bayan littafi na uku ya yi niyyar tsallake shekara biyar a cikin labarin, don yara irin su Arya da Bran su girma, dodannin Daenerys su ƙosa. Ya ɗauki lokaci yana rubutu a kan haka, ya ga rabin littafin zai koma "ka tuna abin da ya faru", ya watsar. Abin da ya rubuta a madadinsa ya yi yawan da sai da aka raba shi biyu bisa yankuna, shi ne na huɗu da na biyar. Har yau yaran nan yara ne, kuma ƙarshen da ya tanadar musu na manya ne.

Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan sakin layin. Inda na biyar ya tsaya, an daɓa wa Jon Snow wuƙaƙe an bar shi kwance. Manyan yaƙe-yaƙe biyu, na Stannis da gidan Bolton kusa da Winterfell da kuma na Meereen, an kai bakinsu aka ɗage zuwa na shida saboda littafin ya yi kauri. Daenerys, bayan littafi biyar, ba ta taka Westeros, ƙasar da take neman sarautarta, ba, ba ta ma zauna da Tyrion ba. Halittun ƙanƙarar da aka buɗe labarin da su tun shafin farko ba su ƙetaro babbar katangar ƙanƙara ta arewacin Westeros ba. Duk wannan a ce littafi biyu ne za su ɗauke shi, na shida da na bakwai, A Dream of Spring? Mutumin da ya fara da niyyar littafi uku ya koma bakwai, ina zargin bakwai ɗin ma ba za su isa ba, kuma yana ta ƙoƙarin cusa kayan cikin abin da ba zai ɗauke su ba. Wannan zato na ne, ba shi ya faɗa ba.

Sauran ayyukan da ake zaginsa a kansu, littafin Fire & Blood a 2018, shirin talabijin na House of the Dragon a 2022, taimakon da ya yi wa masu ƙirƙirar wasan bidiyo na Elden Ring, gidan silimarsa na Santa Fe, ni ban ɗauke su dalili ba, alama na ɗauke su. Fire & Blood da salon littafin tarihi aka rubuta shi, wane ya yi sarauta, wane ya kashe wane, babu buƙatar shiga zuciyar mutum goma sha a lokaci guda. Ni ma ranar da kashi ya tsaya mini, a ranar nake fi ƙwazon rubuta sanarwar ɗaurin aure da tallan magani.

Masu lissafa masa shekaru kuwa, an haife shi a 1948, kowa ya iya lissafi, amma ba tarbiyyarmu ba ce a zauna ana ƙirga wa dattijo kwana saboda littafi. Rai na Allah ne, kuma ba a bin layi. Suna kawo misalin Robert Jordan da ya rasu a 2007, Brandon Sanderson ya ƙarasa masa The Wheel of Time a littafi uku. Jordan ya bar bayanai ne da nufin a ƙarasa, Martin kuwa ya sha nuna ba ya son wani ya rubuta masa labarinsa.

Tunda ka ce da Faransanci kake karantawa, ka kula da abu ɗaya kafin ka ba wani kuɗinka ya sayo maka daga Yawunde ko Njamena. Kamfanin Pygmalion ya yanka littattafan biyar na Le Trône de fer, sunan jerin da Faransanci, zuwa juzu'i 15, don haka wanda aka rubuta wa lamba 6 a bango farkon littafi na uku ne kawai, ba sabon da ake jira ba. Bugun kamfanin J'ai Lu mai manyan juzu'i biyar shi ya yi daidai da na Turanci, shi na fi ba ka shawara. Fayil ɗin da ke yawo a WhatsApp da sunan littafi na shida kuma, in ka buɗe za ka tarar ko dai ƴan babukan da Martin ya saki da kansa ne a matsayin ɗanɗano, irin na Theon da Arianne da Sansa, aka haɗa wuri guda, ko kuma rubutun wani ne daban ya liƙa sunan tsohon a kai.