Tambayi Likita: Wasiƙunku a kan Ƙashi, Karaya da Ɗori

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon a kan ƙashi suke. Mun ɗauki huɗu, ma'aikatan lafiya masu aikin ƙashi suka amsa.

A lakwal malaminmu ya ce ƙasusuwan babban mutum 206 ne, amma na jariri sun fi haka. Ina sauran suke tafiya? Kuma yaya ƙashi yake ɗaukar nauyin mutum bai karye ba?
Wani ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo

Ɗanmu, ba inda suke tafiya, haɗewa suke yi. Ana haihuwar jariri da ƙasusuwa kusan 270, da yawansu guringuntsi ne tukuna. Yana girma suna ƙarfi suna manne wa juna. Kowane ɓangare na ƙugu ƙashi uku ne a yaro, sai bayan balaga su zama ɗaya. Haka guda biyar na ƙasan gadon baya suke curewa su koma ƙashi guda.

A cikin 206 ɗin nan, fiye da rabi a hannu da ƙafa suke: 27 a kowane hannu daga wuyan hannu zuwa yatsu, 26 a kowace ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu. Ƙoƙon kai da fuska 22. Haƙarƙari 24, sha biyu kowane gefe, namiji da mace duk ɗaya. Mafi tsawo shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta yana cikin kunne, tsawonsa wajen milimita 3.

Batun nauyi kuwa, dubi mace ɗauke da tulu a ka. Nauyin yana sauka ta ƙasusuwan wuya bakwai, ya bi sha biyu na bayan ƙirji da biyar na kwankwaso, ƙugu ya raba shi biyu, ya gangara cinya da ƙwauri har tafin ƙafa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai ƴan matasai na guringuntsi masu shanye girgiza, shi kuma gadon bayan ba miƙaƙƙe ba ne sak, yana da lanƙwasa da ke ba shi damar lotsawa ya dawo. Dogon ƙashi kamar gora yake, bango mai tauri, ciki da rami, shi ya sa ga ƙarfi ga rashin nauyi. Ɓargo yana cikin ramin, kuma a ɓargon ƙugu, haƙarƙari da ƙashin baya ake ƙera jini.

Ga gwajin da za ka iya yi a gida. Jiƙa ƙashin cinyar kaza cikin binegar mako guda, za ka lanƙwasa shi kamar roba, don tsamin ya narkar da sinadarin kalsiyam. Ƙona wani a garwashi har ya yi fari, za ka murtsuke shi da yatsa, don wuta ta cinye zaren naman da ke riƙe da shi. Kalsiyam ke ba da tauri, zaren ke hana tsinkewa. Ƙashi na buƙatar duka biyun.

Ni ɗan kabu-kabu ne, kuma haɗari kullum muna gani a hanya. In mutum ya karye, ƴan uwa sukan ce a kai shi gidan mai ɗori, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Wanne ya fi?
Wani mai moto, unguwar Zariya

Malam, ka yi tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, don haka za mu ɗan tsawaita.

Mu fara da abin da mutane ba su cika sani ba: ba mai ɗori ke haɗa ƙashi ba, ba kuma likita ba. Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini, da ikon Allah shi yake ɗinke kansa. Da zarar ya karye jini yakan taru a wurin ya daskare. Cikin mako biyu zuwa uku wannan gudan ya zama wani danƙo mai taushi da ya haɗa bakunan biyu, daga nan kalsiyam ya riƙa shiga yana taurara shi. Wuyan hannun babba yakan ɗauki wajen mako shida, ƙwauri wata uku zuwa huɗu, na yaro kuwa ya fi sauri nesa. Aikin mai magani uku ne kawai: ya daidaita ƙashin, ya hana shi motsi, ya bar jini ya gudana.

Wannan ne ya sa karaya mai sauƙi, wadda fata ba ta fashe ba kuma ƙashin bai goce ba, takan warke a hannun mai ɗori, ba mu musun wannan. Matsalar ita ce ba ya ganin ciki. Hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo, shi ke nuna ko tsagewa ce, ko ƙashin ya hau kan ɗan uwansa, ko karayar ta shiga gaɓa. In ya ɗinke a karkace, ƙafa takan gajarta, gyaransa sai an sake karya shi a ɗakin tiyata.

Babbar masifar kuma ɗaurin da ya matse ne. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. In an jera kara an tamke da tsumma tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya danne jijiyoyin jini. Naman da jini bai kai masa ba yakan fara mutuwa cikin awa shida ko makamancin haka. Iyali na cewa a yi haƙuri ɗori ne ke kamawa, alhali ƙafa ce ke mutuwa. Sai bayan mako, yatsu sun yi baƙi wari ya tashi, a nufi asibiti. A lokacin ba abin da ya rage sai yankewa don a ceci rai. Daga nan zancen "asibiti na yanke ƙafa" ya samo asali. Karayar da ta iso da wuri ba kasafai take kai wa ga haka ba.

Ko ɗorin gargajiya ne ko simintin asibiti, a kwance ɗaurin nan take a tafi wajen likita in an ga ɗayan waɗannan: ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, mutum na ihu in an miƙar masa da yatsu, yatsun sun yi sanyi ko sun mace ba ya jin taɓi. A danna farce a saki. In ja bai dawo ba cikin daƙiƙa biyu, jini ba ya isa.

A wurin haɗari kuwa, kada a ja, kada a murza. A samu katako ko kwali mai kauri, a shimfiɗa zane a kai, a tallafi gaɓar yadda zai wuce mahaɗar sama da ta ƙasa, a ɗaure sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga. A cire zobe da agogo kafin kumburi. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa toka ko garin magani. Wannan yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus a ranar. Kada a ba shi abinci, don ƙila a yi masa allurar barci. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi cikin adaidaita. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya na riƙe da kai, saboda laka na cikin ƙashin baya, in ta tsinke ba ta ɗinkuwa.

Karayar cinya, ƙugu, cikin gaɓa da gwiwar hannun yaro, waɗannan ba na gidan ɗori ba ne ko kaɗan. Cinya kaɗai tana iya ɓoye jini fiye da lita ɗaya ba tare da ɗigo ya fito waje ba.

Ɗana yana da shekara uku, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka. Kakarsa ta ce za su miƙe da kansu. In jira?
Wata uwa, Tibiri

Hajiya, Inna tana da gaskiya zuwa wani wuri. Yawancin yara ƙafafunsu da ɗan baka suke har shekara biyu, wajen shekara uku zuwa huɗu su koma gwame, kafin shekara bakwai su daidaita. Amma baka a shekara uku abin dubawa ne, balle in yana ƙaruwa ko ƙafa ɗaya ce.

Ki duba wuyan hannunsa ko ya yi kauri, ki shafa haƙarƙarinsa ko za ki ji ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi. Ki tuna ko ya yi jinkirin tafiya, ko maɗigarsa ta wuce wata 18 ba ta rufe ba. Waɗannan alamun laushin ƙashi ne. Bitamin D daga hasken rana fata ke samar da shi, kuma rana ba ta yi mana ƙaranci ba, sai ga yaron da ba ya fita tsakar gida. Abin da yaranmu suka fi rasawa shi ne kalsiyam, kamar yadda binciken da aka yi kan yara a Jos ya nuna. An yaye yaro an bar shi da koko da tuwo, kuma gero da masara ba su da kalsiyam mai yawa. Yaro kamar naki yana buƙatar miligiram 500 zuwa 700 a rana. Kofi guda na madara ko kindirmo, kwatan lita, yana ba da wajen 300. Kofi biyu ke nan, amma nono na gaske, ba furar da aka tsinka da ruwa har ta yi fari kawai ba. A haɗa da cuku, riɗi, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Tunda daga Tibiri kika rubuto, ki duba haƙoransa ma. Mutanen garinku ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da ruwan famfo mai yawan sinadarin fulorayid ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara ya ɓata musu haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita. In haƙora na da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, ki faɗa wa likita daga ina kuke ɗebo ruwan sha. Tafasawa ba ta cire wannan sinadarin.

Ki kai shi a yi masa radiyo. Laushin ƙashi yana jin magani cikin watanni, ƙafafun kuma sukan miƙe a hankali yayin da yake girma. Wanda bai miƙe ba ana yi masa aiki, akwai asibitin yara na CURE a Yamai da ke irin wannan gyaran.

Mahaifiyata ta zame a makewayi, tun ranar ba ta iya tsayawa. Faɗuwar ba ta da ƙarfi, shi ya sa muka ce targaɗe ne.
Wani magidanci, Tasawa

Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ku ɗauka karayar ƙugu ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. Ƙarfin ƙashi yakan kai ƙololuwa wajen shekara 30, daga nan ya riƙa raguwa, kuma mace takan yi asara da sauri bayan al'ada ta ɗauke. Cikin ƙashin ya zama kamar soso, faɗuwa daga tsaye ta isa ta karya shi. Ku kwantar da ita rigingine ku duba: ƙafar ta fi ɗayar gajarta, tafin ya juya waje? To ita ce.

Kada ku bar ta kan tabarma ana shafa mai. Doguwar kwanciya ce ke kayar da tsoho: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini a ƙafa. Irin wannan karayar aiki ake yi mata, kuma gwargwadon saurin yinsa gwargwadon saurin tashinta. Ku ɗauko ta a kwance zuwa babban asibiti, da matashi tsakanin gwiwoyinta, ku taho da duk magungunan da take sha, musamman na hawan jini da na ciwon suga.