Tagwaita faifai ko rarraba bayanai: wanne zan zaɓa a kan katin RAID?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da uwar garke a ofishinmu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ɗebo bayanai daga gare ta, a kanta muke ajiye takardun lissafi da bayanan abokan hulɗa. Ta zo da katin RAID a cikinta, na kuma sayi faifan ajiya guda huɗu, kowanne terabayit 4. Wani ya ce in haɗa su a RAID 0 saboda gudu, wani ya ce RAID 1 ya fi aminci. Mene ne bambancinsu, mene ne amfanin katin, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. RAID hanya ce ta haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar faifai ɗaya, katin kuma shi ke kula da haɗin. Tun kafin mu yi nisa, ka jingine shawarar RAID 0. Takardun lissafi ba abin da za a ɗora a kansa ba ne.

A RAID 0, kati yana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa ya raba wa faifan huɗu, su rubuta a lokaci guda. Gudu kam za ka samu, kuma terabayit 16 ɗinka suna nan cif. Sai dai babu faifan da ke riƙe da cikakken fayil shi kaɗai. Ranar da ɗaya ya mutu, sauran ukun gutsattsari kawai suka riƙe, komai ya tafi. Kana ƙara yawan faifai, kana ƙara ƙofofin asara. Wannan tsari na masu tace bidiyo ne da ire-irensu, waɗanda asalin aikinsu ke ajiye a wani wurin.

RAID 1 kuwa tagwaitawa ce: duk abin da aka rubuta a faifai na farko, a take ake rubuta shi a na biyu. Ɗaya ya mutu, kwamfuta ta ci gaba da aiki ba tare da ma'aikata sun ma sani ba. Karatu yakan ɗan ƙara sauri tunda ana iya ɗebowa daga ɓangarorin biyu, rubutu kuma ba ya wuce gudun faifai ɗaya. Farashin wannan aminci shi ne rabin wurin ajiyarka.

Tunda faifai huɗu gare ka, ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Ka yi RAID 10. Kati zai haɗa su biyu-biyu a matsayin tagwaye, sannan ya rarraba bayanai tsakanin rukunan biyu. Za ka tashi da terabayit 8, da gudu mai kyau wajen karatu da rubutu. Kowane faifai ɗaya ya mutu, ba ka rasa komai ba. Ko biyu ne suka mutu kana iya tsira, muddin ba 'yan rukuni ɗaya ba ne. Idan tagwayen juna suka tafi tare, to an rasa duka. Abin da ya sa na fi son sa ga irin aikinku shi ne sauƙin farfaɗowa: sabon faifai kwafe ɗan'uwansa kawai zai yi, ba kamar wani tsarin da ake kira RAID 5 ba, inda sai an karance duk sauran faifan ana lissafi kafin a maido da abin da ya ɓata.

Yanzu batun katin, wanda a nan ne mutane da yawa ke barin amfani a ƙasa. Kati na gaske, irin su MegaRAID na Broadcom, PERC na Dell ko Smart Array na HPE, yana da masarrafarsa da ma'ajiyar wucin gadi tasa. Babbar manhaja, Windows ce ko Linux, faifai ɗaya tak take gani, katin ne ke ɗauke da sauran ɗawainiya. Babbar fa'idarsa tana cikin ma'ajiyar wucin gadin nan. Idan aka sa shi a tsarin da allonsa ke kira Write Back, da zarar bayanai sun shiga ma'ajiyar sai ya shaida wa kwamfuta an gama, daga baya ya sauke su kan faifai cikin tsari. Manhajar lissafi da rumbun bayanai, masu yawan ƙananan rubuce-rubuce, su suka fi jin daɗin wannan. Amma da sharaɗi: dole katin ya kasance da batir mai lafiya, ko ma'ajin caji da ke kwashe bayanan zuwa filashi, wato ma'ajiyar da ba ta gogewa ko babu wuta, idan wuta ta ɗauke. In babu wannan kariya, yankewar wuta ɗaya na iya lalata rumbun bayananka, tunda an ce masa an rubuta alhali ba a rubuta ba. Yawancin katunan na komawa Write Through da kansu idan batir ya raunana, wato tsarin da sai bayanai sun sauka kan faifai kafin a ce an gama, wanda ya fi jinkiri. Saboda haka in ka ga uwar garke ta yi nauyi haka kawai, fara duba batirin.

Ka kuma tabbatar katin ne da gaske. RAID ɗin da ke zuwa a jikin babban allon kwamfutar tebur, irin Intel RST, masarrafar kwamfutar ce ke yi masa aikin, ba shi da ma'ajiya mai batir.

Wajen haɗawa, faifan su zama girma ɗaya, domin kati da ƙaramin cikinsu yake auna kowa. Su kasance waɗanda aka ƙera don uwar garke. Faifan kwamfutar tebur yakan daɗe yana fama da ɗan wuri ɗaya da ya lalace a jikinsa, har kati ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi daga rukuni, alhali na uwar garke yakan haƙura cikin kimanin daƙiƙa 7 ya bar wa kati gyaran. Ka guji masu fasahar rubutu ta SMR, inda layukan bayanai ke hawa kan juna, ka nemi CMR, inda kowane layi ke zaman kansa, don na farkon suna jan ƙafa sosai lokacin farfaɗowa.

Duk abin da ke kan faifan zai goge, don haka ka kwashe shi tukuna. Kunna na'urar ka shiga saitin katin: a tsofaffin PERC da wasu MegaRAID ana danna Ctrl da R yayin tashi, a sababbin Dell kuma F2 ne sannan ka nemi sashen na'urori. Zaɓi ƙirƙirar sabon rukuni, ka ɗauki RAID 10, ka yi wa faifan huɗu alama. Girman gunduwa, wanda yakan zo a kilobayit 64 ko 256, ka bar shi yadda ka same shi. Bari katin ya kammala share fagen faifan, sannan ka ɗora babbar manhaja. In ba ta ga faifai ba, direban katin take nema, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da katin. Idan akwai gurbi na biyar, sa faifan ko-ta-kwana, wanda kati zai jawo da kansa da zarar wani ya faɗi.

Sai abin da nake roƙonka kada ka tsallake: ɗora manhajar sa ido ta katin, ka saita ta tana aiko maka da imel. Tagwaye na ɓoye mutuwar ɗayansu, ana iya shafe watanni a kan faifai ɗaya ba wanda ya lura. Kwafe terabayit 4 a gudun megabayit 150 cikin daƙiƙa na cin sama da awa 7, ya fi haka idan ana aiki a kan na'urar, kuma duk tsawon lokacin nan rukunin ba shi da mataimaki. Kafin ka zuba bayanan gaske, idan na'urarka ta yarda da cire faifai tana kunne, zare ɗaya ka ga ko saƙon ya iso, ka mayar ka kalli yadda yake farfaɗowa.

RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda manhajar garkuwa da bayanai ta kulle, nan take yake gogewa ko kullewa a kan tagwayen duka. Gobara da sata ma ba sa barin ɗaya. Ka riƙa kwafe bayanan zuwa wata na'ura daban, kwafi ɗaya kuma ya kasance a wajen ginin.

Shi kansa katin yana mutuwa. Tsarin rukunin a kan faifan yake rubuce, don haka wani kati irinsa daga kamfani ɗaya zai iya gane su. Rubuta samfurin naka ka adana, ka kuma lambata faifan bisa gurabensu. Ranar da ka sauya kati ya nuna maka ya ga baƙon tsari, Import za ka danna. Clear yana share tsarin rukunin ne daga kan faifan.