Wace caja zan saya wa motar tseren rimot?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jiddah da iyalina. Na saya wa yarona motar tsere mai rimot, irin manyan nan masu gudu, yanzu ni da shi muke rububinta, duk Juma'a bayan la'asar mukan fita bayan gari mu sake ta a fili. Ta zo da batir NiMH, wani nau'in batir da ake yi wa caji, da wata 'yar caja da sai ta kwana kafin ta cika shi. Toh wani abokina ya ba ni batir LiPo, wato na lithium, an rubuta 2S 5000mAh a jiki, kuma kan wayarsa ya shiga tsohuwar cajar daidai. Zan iya caji da ita? In ba zai yiwu ba wacce zan saya, na duba Amazon da Noon da Haraj kaina ya ɗaure. Daga mai karatu a Jiddah.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka jona LiPo ɗin nan a tsohuwar cajar, ko da na minti biyar ne. Shigar kan waya ba ya nufin komai. Cajar NiMH tana ta tura wuta ne tana jiran ƙarfin batir ya ɗan yi ƙasa bayan ya cika, da wannan take gane lokacin tsayawa, shi kuwa LiPo ba ya ba da wannan alamar, kaga kenan za ta yi ta ɗura masa har ya wuce iyakarsa ya kumbura, wani lokaci ya kama da wuta, kuma wutar LiPo ba ƙaramar wuta ba ce.

Batir ne yake zaɓar caja, don haka mu fara da naka. 2S ɗin nan yana nufin sel biyu ne a ciki, kowanne bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2, wato gaba ɗaya 8.4, kuma daga nan ba a ƙara ko kaɗan. Ka duba jikinsa da kyau za ka ga waya kashi biyu, akwai masu kauri ja da baƙa, akwai kuma wani ɗan farin kai mai siraran wayoyi uku. Wannan ƙaramin shi ne na balans, ta nan caja take ganin kowane sel shi kaɗai. Kamar ka jera kofi biyu kana zuba shayi ne ba ka kallo, ɗaya ya cika yana malala ɗaya ko rabi bai kai ba, alhali jimillar shayin daidai take. Duk cajar da ba ta da ramin balans ka wuce ta komai arharta.

Sai maganar ƙarfi, kuma a nan ake yawan yi wa mutane rufa-rufa, a rubuta amfiya da manyan baƙi a kwali, wat kuma can ƙasa da ƙanana. Ƙa'idar da ba ta wahalar da batir ita ce 1C, ma'ana batir mai 5000mAh a ba shi amfiya 5, ya cika cikin awa ɗaya ko da ɗan ɗori. Ka ninka 8.4 sau 5, wat 42 kenan. Caja mai wat 50 irin iMAX B6 ta kamfanin SkyRC ta ishe ka a yau. Amma fa ranar da ka koma 3S mai sel uku, wanda cikarsa bolt 12.6 ne, wat 63 kake buƙata, ita kuwa mai 50 ɗin da ƙyar za ta ba ka amfiya 4. Ni dai da ni ne, tunda ku biyu ne a kan mota ɗaya kuma na san ba za a daɗe ba za a sayi batir na biyu, mai wat 80 zuwa 100 zan nema, in da hali ma mai baki biyu da take cajin batir biyu lokaci guda. SkyRC da ISDT da HOTA duk suna yin irinsu. B6 ɗin kuwa jabunta ya cika kasuwa, in ka ga arhar ta yi yawa ka bar ta, domin cajar da ba ta auna 4.2 daidai ba ta da wani amfani.

Ka tabbata an rubuta AC/DC, wato tana aiki da wutar gida, tana kuma aiki da batirin mota mai bolt 12 in kun fita. Ta gidan ta zama mai karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu layin da ake ce wa 110. Ka kuma duba kan wayar batirinka, XT60 ne ko Deans ko na Traxxas, ka sayi wayar da ta dace tare da cajar.

Abin da ya fi damuna a ƙasar nan shi ne zafi. Motar da aka ajiye a rana da bazara cikinta yakan wuce digiri 60, kar ka bar batir a ciki, kar kuma ka yi caji a cikinta, ka sauko da caja ƙasa a inuwa. In an gama tsere ka taɓa batirin, in da ɗumi ka bari ya huce tukuna. A gida ka ɗora shi kan tayil nesa da kafet da labule, cikin jakar nan ta LiPo da ba ta saurin cin wuta, kana zaune a wajen, ba a jona shi a tafi masallaci ko a kwanta barci, kuma yaro kar ya yi shi kaɗai. Tunda Juma'a zuwa Juma'a kuke fita, lallai cajar ta zama tana da wurin da aka rubuta Storage, shi ne yake ajiye kowane sel a wajen 3.8, don LiPo in ya zauna a cike mako guda cikin zafi lalacewa yake yi a hankali. Sai safiyar Juma'a ka cika shi. Wanda ya kumbura kuma an gama da shi, ba a huda shi, ba a sake masa caji.

Kafin ka sa shi a motar ka duba takardarta ko tana karɓar LiPo, in tana karɓa ka kunna saitin da yake yanke wuta in batir ya yi ƙasa, domin sel in ya faɗi ƙasa da bolt 3 ya samu matsala.

Tambaya: Malam zan tafi Kano hutu daga Madina, ina so in kai wa ƙanena irin motar nan, batirin zai shiga jirgi?

Amsa: Zai shiga, amma a jakar hannu, ba a akwatin da ake aunawa ba. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda da batirin da bai wuce 100Wh ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir yake riƙewa ne), 2S 5000mAh kuwa 37Wh ne. Ka cire shi daga motar, ka sauke kowane sel zuwa bolt 3.8 da Storage, ka rufe kan wayar da salatif, sannan ka tambayi kamfanin jirginka guda nawa suke bari a ɗauka.